Yadda Za Ka Ɓoye wa Injiniya Karkataccen Bango

Kai magini ne? Ka gina ɗaki ya karkace, kuma an ce babban injiniya ne zai sauka ciki? Kwantar da hankalinka. Ni Maman Sani, magini a Urafane, na bi matakan nan bara, kuma na ba ka tabbaci: ba mai gane komai, aƙalla har a gama gaisuwa.

Surukata Iya Furera ce ta sa ni gina wa ƙanenta ɗaki. Ƙanen nata shi ne Injiniya Ishaƙu, wanda ya shekara talatin da biyar yana duba gadoji, sai ya sa hannu ake zuba siminti. Ya bar aiki, an ba shi lambar yabo a Yamai, zai zo gida hutu. Ni kuwa bangon gabas ya sunkuyo mini cikin ɗaki.

1. Ƙaryata idonka

Tsaya gaban bangon ka langaɓe kai. Ka ga ya miƙe? To. Idan surukarka ta ce, "Maman Sani, bangon ga kamar yana ruku'u," ka ce, "Iya, sabon yayi ne, haka ake yi a Maraɗi." Tsofaffi ba sa son a ce ba su san yayi ba.

2. Yi masa ado

Rataya tabarma, rataya kalanda ko ta shekarar da ta wuce ce, ka jingina buhunan wake shida. Kada ka yarda a ajiye ƙwaryar fura cike a ƙasa. Fura ba ta karkacewa tare da ɗaki, ba ta rufa wa magini asiri.

3. Zaunar da baƙo ya ba bangon baya

Kujerarsa ta kalli ƙofa. Kai ka durƙusa gabansa, kanka a ƙasa. Kowa zai ce kunyar surukai ce.

4. Tambaye shi tarihinsa

Ce masa, "Baba, yaya aka yi da gadar nan da ruwa ya ci sau biyu kafin a kira ka?" Ka samu awa guda ke nan. Ni na ji karatunsa a Wagadugu, na ji ƙasashe huɗu da suka nemi shawararsa, na ji ɗan kwangilar da ya kawo masa rago ya mayar masa da abinsa. Kai dai ka riƙa cewa "Ikon Allah!" In ya zo inda ya sa aka rushe aikin wata uku saboda ƙarfe ɗaya, kada ka haɗiye yawu da ƙarfi.

5. Kada ka roƙi ganin lambar yabo

Nan na kwafsa. Labari ya ƙare, sai bakina ya ce, "Baba, a nuna mana lambar mana."

Ya ciro ta daga aljihu, ƙarfe mai nauyi a bakin dogon ƙyalle. Ya miƙe, ya juya, ya yaye tabarma. Ya dafe ƙyallen a bango ya saki lambar. Ta yi lilo ta tsaya a sarari, tsakaninta da bango yatsa uku.

"Bon," in ji shi da Faransanci, wato to. "Tun daga bakin zaure na gani. So nake in ji ko za ka faɗa da kanka."

Iya Furera ta ce, "Yayin Maraɗi ne, Ishaƙu."

Bai yi dariya ba. Da ma ya yi.

6. Karɓi shawara, tunda ba yadda za ka yi

Washegari ya sa na rushe bangon. Kwana tara yana zaune gindin dogon yaro da kofin shayi.

"Cire bulon ga."

"Baba, ai ya zauna."

"Cire shi."

Ranar kasuwa mutane suka riƙa tsayar da amalanke suna kallo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ranar da muka gama, ya zagaya bangon sau biyu, ya shafa shi, ya ce a gaban jama'a, "Wala, yawwa. Wanga ko ni na sa masa hannu." Na juya baya kamar ina wanke cokalin gini, don kada a ga idona.

Gargaɗi

Ba ruwana da abin da zai biyo baya in ka bi shawarwarin nan, ko bango ya faɗo wa baƙo, ko suruka ta daina amsa gaisuwarka. Waɗanda na gina wa ɗaki kafin bara kuma, kada kowa ya zo mini gida. Ku dai matsar da gadajenku tsakiyar ɗaki.