Yadda Na Durƙusa Cikin Marasa Aiki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da Lahadin da matasan ikilisiyarmu a Kafanchan suka gayyace ni in koya musu yadda ake samun aiki, alhali ni kaina an kore ni daga nawa.

To, kora kalma ce mai kaushi. Ƙungiyar da na yi wa aiki a Kaduna shekara da shekaru ba ta korar mutane, sake fasali take yi. Kuɗinta daga ƙetare yake zuwa, sai wata rana wasu mutane da ban taɓa gani ba, a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba, suka yanke shawarar cewa sun gaji da taimakon duniya. Aka tara mu, aka gode mana ƙwarai da gaske, aka karɓi makullan ofis. A jami'a na taɓa rubuta dogon bincike kan yadda tattalin arzikin ƙasashe ya sarƙe da juna. Ban san zai biyo ni har teburina ya tabbatar mini ba.

Na tattara na dawo gida, na shaida wa kowa cewa yanzu daga gida nake aiki. Wannan magana ita ce babbar kyautar da zamani ya yi wa mai neman rufin asiri. Kullum da safe sai in yi wanka, in sa riga mai guga, in zauna a baranda da kwamfuta a buɗe, in ɗaure fuska. Maƙwabta kan wuce zuwa gonar citta suna rage murya, kada su katse mini taro da Turawa. (Abin da nake yi shi ne neman aiki a intanet, inda kowa ke son mai ƙwarewar shekara ashirin wanda bai wuce talatin da haihuwa ba.)

Mutum biyu ne suka san gaskiya. Matata, wadda ba a iya ɓoye mata tunda ita ke cefane, sai Mama, mahaifiyata. Ita Mama da bakina na faɗa mata, na kuma roƙe ta ta riƙa yi mini addu'a a ɓoye. Mace ce da ta yi fiye da rabin rayuwarta a zumuntar mata ta ikilisiya, inda ko ciwon haƙori sai an taru a kansa. Ita na zaɓa in ba ajiyar sirri, ni mai digiri biyu.

Da makon matasa ya ƙarato, Bitrus, shugabansu, ya same ni a barandar nan, ya kira ni da sunan girmamawar da matasa ke kiran iyaye maza. "Dadi, muna so ka yi mana magana a kan rashin aiki da tattalin arzikin duniya. Kai ne kake ciki, kai ka san hanya."

Mai hankali zai ce yana mura. Ni kuwa na tambaye shi ko suna da majigi. Na sha tambayar kaina ko tsoro ne ya sa na amsa, don kada a zarge ni, ko kuwa kewar a saurare ni ce. Ina jin duka biyun ne, amma na biyun ya fi ƙiba.

A ranar, majami'a ta cika. Na sa kwat ɗin da nake zuwa taron Abuja da ita, na hau gaba, na fara. Da na tsaya a kan abin da na sani, da an rabu lafiya: yadda farashin citta a Zonkwa ke rawa da abin da ake yi a kasuwannin da manomi bai san sunansu ba, yadda na'urori ke cinye ayyukan ofis. Amma na ga ana gyaɗa kai, kuma gyaɗa kai yana bugar da ni fiye da burkutu. Sai na ji bakina yana cewa duniya ta zama ƙauye ɗaya, aiki yana nan birjik ga mai nema, kuma babbar matsalar matasanmu ita ce jiran a kawo musu.

Wani saurayi mai suna Yakubu, wanda ya karanta kimiyyar sinadarai yake kuma tuƙa babur ɗin haya, ya ɗaga hannu. "Dadi, idan mutum ya nema, ya nema, ko amsa ba su ba shi fa?"

"To sai ya binciki kansa," na ce, har da nuna shi da yatsa. "Wanda yake da abin sayarwa, kasuwa ba ta ƙin sa."

Aka tafa. Na koma kujerar manyan baƙi kusa da dattawan ikilisiya, ina shan ruwan gora kamar wanda ya ceci ƙasa.

Fasto ya miƙe ya gode mini, sannan ya ce ba za a tashi haka ba. Duk mai neman aiki ya fito gaban bagadi ya durƙusa a yi masa addu'a. Matasa suka yi ta fitowa har wurin ya cika. Mawaƙa suka fara waƙa a hankali. Ni ma na sunkuyar da kai, ina taya su tausayi.

Fasto ya buɗe baki ke nan, sai na ji wata murya daga layin zumuntar mata, muryar da ba ta taɓa buƙatar lasifika ba.

"Fasto, ka tsaya tukuna. Akwai mutum ɗaya bai fito ba."

Mama ce, tsaye da sandarta.

"Baban Rahila, kai nake magana. Ka tashi mana. Tun kafin damina aikin ka ya mutu, ni kaɗai ina azumi, ina azumi, har ƙafa na yana rawa. Yau ga addu'a kyauta, kana zaune kana shan ruwa?"

Mai ganga ya tsaya. Na dubi matata, na ga ta gano wani abu mai matuƙar muhimmanci a cikin littafin waƙoƙinta. Na yi ƙoƙarin murmushi irin na manya, na ce, "Mama, ai wannan na matasa ne."

"A wurin Ubangiji kai ma yaro ne. Ko kana so in zo in kama hannun ka?"

Na san za ta zo. Don haka na tashi. Tsakanin kujerar manyan baƙi da gaban bagadi ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. Wuri ɗaya ne ya rage a layin, kuma ba sai na faɗa muku kusa da wa ba. Yakubu ya matsa mini cikin ladabi, ya ce a hankali, "Sannu da zuwa, Dadi. Ka fara sa gwiwa ɗaya, simintin yana da zafi kafin mutum ya saba."

Fasto, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba. Sai dai ya ɗora hannu a kaina ya daɗe, ya roƙi Ubangiji ya buɗe ƙofa ga bawansa wanda ya san hanya amma bai samu shiga ba. "Amin" ɗin da ikilisiya ta amsa, ban taɓa jin mai ƙarfinsa ba, ko a bikin godiyar kaka.

Na zaci washegari ba zan iya fita ba. Abin da ya faru ya fi haka ciwo: mutane suka yi mini kirki. Matan zumunta suka riƙa aiko da acca da doya. Wani dattijo ya ce akwai fili a bayan gonarsa idan ina son gwada citta, ya ƙara da cewa ba a noma da kwat. Matasa kuma suka saka ni a zaurensu na waya inda suke tura wa juna labarin guraben aiki, suka naɗa ni uban zaure ba tare da zaɓe ba.

Har yanzu ban samu aikin ofis ba, kuma na daina jira da fuskar mai taro. Darasin da na koya bai kai girman bincikena na jami'a ba, amma ya fi shi amfani: maƙiyi zai iya riƙe maka sirri don wata rana, mai ƙaunarka kuwa ba zai iya ba, domin shi so yake ka warke. Saboda haka kafin ka hau gaba ka yi wa marasa aiki faɗa, ka fara duba ko mahaifiyarka ta zo sujada.