Yadda Ake Hawa Benen Manya a Jirgin Ruwa Ba Tare da An Rasa Kujerar Majong Ba

Ke da ɗanki ya bugo waya ya ce zai ƙara kuɗi a mayar da ke hawan manya a jirgin yawon shaƙatawa, a ba ki ɗaki mai baranda da hadimi naki na kanki, kika kwana uku kina juya maganar a rai, daina wahalar da kanki. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari kafin jirgi ya dawo tashar garinmu Keelung za ki san ko kuɗin sun yi amfani ko sun bi ruwa. Ni dai ban taɓa taka jirgin ba, ko motar haya ta sha kwana da yawa cikina juyawa yake. Amma shekara ashirin da bakwai ina wanke kan matan unguwarmu, kuma mace in ta kwantar da kai a kwanon wanki ba ta ɓoye komai. Wannan darasi daga bakin Liao Kim-ki na same shi, wadda ta bi matakan nan kaf a watan jiya.

Mataki na 1: Ki ƙi, amma kada ki ƙi da ƙarfi

Ki ce a'a sau biyu. A karo na uku ki yi shiru ki ja dogon numfashi, ɗa mai hankali zai gane.

Ɗan Kim-ki, Bun-tek, yana aiki a wata masana'anta a Hsinchu, sau biyu a shekara yake leƙo gida. Irin waɗannan 'ya'yan su ne suka fi saya wa iyaye baranda.

"Mama, dalar ƙasarmu dubu sittin ne kawai za a ƙara."

"Kawai? Ubanka har ya mutu bai taɓa cewa kawai a bayan dubu sittin ba! A'a, ni bar ni a ƙasa da mutanena."

Mutanen nata su uku ne: A-Toh mai faɗa, Siu-loan, da Giok-li. Shekara talatin da ɗaya suna buga majong, wasanmu na ƙwayoyi mai kama da karta, kullum ƙarfe biyu na rana a falon A-Toh, kuma tun da mijin Kim-ki ya rasu, wannan teburin ne dalilinta na taje kai da safe. Tare suka yanki tikiti, ɗakuna marasa taga a hawa na biyar. Ba sai na tuna miki ba, majong mutum huɗu ke yin sa, uku ba sa iyawa, na biyar kuwa sai kallo. Kim-ki ta san haka sarai. Ta ja numfashinta a karo na uku, Bun-tek ya biya.

Mataki na 2: Ki wuce layi, ki ɗaga hannu

Ranar tafiya layi ya fito har waje, ga yayyafin garinmu da ba ya gajiya. Su huɗu suna tsaye da akwatunansu sai ga wani dattijo mai farar safar hannu da lema, ya rusuna. Mista Teoh ke nan, mutumin Penang, hadimin hawa na goma sha shida, ba ɗan ƙasarmu ba ne amma yarenmu a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Ya miƙa wa Kim-ki kati mai ruwan gwal, ya ce, "Madam Liao, ke ba kya bin layi. Ta nan, ranki ya daɗe."

To, nan ne wurin da gwanaye ke bambanta da 'yan koyo. 'Yar koyo za ta ce, "Bari in jira ƙawayena." Ke kada ki yi haka, an biya kuɗin wucewa, in kin tsaya kin yi asara. Ki shiga ƙarƙashin lemar, ki taka a hankali. In kin kai ƙofa ki juyo ki ɗaga musu hannu, ba da ƙarfi ba, yatsu kawai za ki kaɗa.

Kim-ki ta rantse min gaisuwa ce kawai ta yi. Su kuwa awa biyu suka ƙara a layin, gashin da na gyara wa A-Toh jiya-jiya ya kwanta ya manne mata a goshi.

Mataki na 3: Ki ci kuɗinki

Duk abin da aka ce kyauta ne ga mai katin gwal, ki karɓa, ko ba kya so. Kim-ki ba ta shan giya, amma ta sa aka buɗe kwalbar maraba, ta shinshina. Ta zaɓi matashin kai daga cikin kala bakwai, ta ce a bar mata duka bakwai ɗin. Ta ba da guga har da safa. Tawul ɗin da aka naɗe mata kamar agwagwa ta ƙi warwarewa, ta goge jikinta da wanda ta zo da shi daga gida.

Washegari ƙarfe biyu saura kwata tana shirin sauka wajen wasa, sai Mista Teoh ya ƙwanƙwasa.

"Madam, an shirya shayin yamma a falon manya. Akwai kek kala goma sha biyu."

"Shi ma yana ciki?"

"Komai yana ciki."

Ina ruwan majong da agogo, in ji ta, ai ba jirgin ƙasa ba ne. Ta zauna ta bi kek ɗin nan kala-kala, ga ciwon suga, ga takardar likita a jaka. Da ta gama aka ce akwai tausar ƙafa. Ƙarfe huɗu da rabi ta shiga lif.

Mataki na 4: In kin ga wata a kujerarki, ki yi dariya

Tun daga bakin ɗakin wasa ta ji ƙarar ƙwayoyin majong ana cakuɗa su, ta tsaya cak, don hannu shida ba sa yin wannan ƙarar. Ta leƙa. Ga A-Toh, ga Siu-loan, ga Giok-li, ga kuma wata siririyar tsohuwa mai tabarau zaune daram a kujerar roba ta huɗu.

"A'a, matar gwamna!" in ji A-Toh, ko kai ba ta ɗago ba. "Har an sauko duba talakawa? Ku matsa kada mu shafa mata wari."

"Wace ce wannan?"

"Malama Pai ce, tsohuwar malamar firamare. Ƙarfe biyu daidai ta zo."

Malama Pai ta miƙe ta gaishe ta da ladabi, har tana cewa ko za ta karɓi wurin. A-Toh ta jawo ta zaune. A jirgi ba a yarda da caca a wajen gidan caca ba, don haka da gyaɗa suke yi, kuma gaban Malama Pai wayam, duk an cinye ta. Tana faɗuwa tana murmushi tana yaba gwanintar mutane. Kim-ki kuwa shekara talatin da ɗaya ita ke cinye su, in ta ci kuma sai maƙwabta sun ji.

"Ashe ma kusa da mu take," in ji Siu-loan. "Tasha biyu ce a bas. Mun ce in mun koma ta riƙa zuwa."

Ki yi dariya a nan. Ki ce, "Madalla, dama ni abubuwa sun yi min yawa a sama." Kim-ki ta faɗa, ta juya. A lif ta danna sha shida da katinta, ta gane ba kujerar jirgi kaɗai ake magana ba.

Mataki na 5: Ki ba da cin hanci

A ɗakin cin abincin manya akwai ƙafar kaguwa mai tsawon hannu. Ki shimfiɗa leda a cikin jakarki tun daga ɗaki. Hadimin ƙwarai ba ya ganin irin wannan, Mista Teoh ma da ya ga tana fama sai ya kawo mata ƙarin leda ya kau da kai.

Ta sauke kaguwar a gefen tebur. Suka ci, suka tsotse, suka suɗe yatsu. A-Toh ta zaɓi mafi tsoka ta ɓare wa Malama Pai.

"Yaya Toh, wai me na yi ne haka?"

"Au, ba ki sani ba? Hannu kika ɗaga mana, Kim-ki. Muna cikin ruwa kika kaɗa mana yatsu." Ta kwaikwaya, Giok-li ta ƙware da dariya. "Gobe in za ki zo ki haɗo da man shanun da ake tsomawa, wannan ta bushe."

Mataki na 6: Ki kafa naki teburin

Su wa? Ai ba su kaɗai suka iya ba. Ki sa hadimi ya nemo miki 'yan wasa daga cikin manya.

Mista Teoh ya nemo. Wasu baƙi, mata da miji 'yan birnin Kobe, da wani likitan haƙori mai ritaya. Tebur mai koren mayafi, kujerun fata, teku shimfiɗe a bayan gilashi. Dokokinsu daban, ƙwayoyin da suke riƙewa ma ba su kai namu yawa ba, amma ba wannan ne ya kashe ta ba. Ba mai magana! Kowa ya ajiye ƙwaya a hankali kamar yana ajiye ƙwai. Da Kim-ki ta ci ta buga tebur ta yi ihu, sai suka tafa mata, mijin har ya rusuna. Ba wanda ya ce mata ɓarauniya, ba wanda ya ce ta leƙa hannunsa, ba wanda ya tuno mata da abin kunyar da ta yi a bikin wani shekara ashirin da suka wuce. Zagaye ɗaya ta yi ta ce kanta na ciwo.

Mataki na 7: Ki tambayi hadimi abu ɗaya tak

Rana ta huɗu jirgi ya tsaya a tashar Naha, ƙawayen suka fita kasuwa da Malama Pai. Kim-ki ta hango su daga baranda, su huɗu ƙanana can ƙasa, suna rabon wani abu a leda. Ta zauna ta yi kuka sosai, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mijinta. Ta ga kanta ta koma gida, ƙarfe biyu ya buga, tana zaune gaban talabijin da gashi a taje ba wurin zuwa. Tsoro ya kama ta, kuma ta san ita ta jawo.

Mista Teoh ya shigo da shayi, ya ajiye, ya tsaya yana kallon teku har ta face hanci.

"Mista Teoh, ka ce duk abin da nake so za ka kawo."

"Duk abin da jirgi ke da shi, Madam."

"Kujerata nake so."

"Ta roba, ta ɗakin wasa?" Ya gyara safar hannunsa. "Ba ni da ikon tayar da fasinja daga kujera. Sai dai shekarata goma sha tara a teku, ban taɓa ganin wanda aka kira sama ya ƙi tashi ba."

Kim-ki ta kalli gadon, ta kalli matasan kai bakwai, ta kalli agwagwa.

"Gobe ne fa daren kaguwar nan ta musamman."

"Gobe ne, Madam."

"Kai, jeka yi, tun ban sake shawara ba!"

Cikin awa ɗaya ya gama da ofis, aka sauya suna, aka buga wa Malama Pai sabon kati mai ruwan gwal. Malama Pai ta ce a'a ina, ba za ta iya ba. Ta sake cewa a'a. Sannan ta ja numfashi, ta ce gaskiya ɗakinta kusa da inji yake, kwana uku haƙoranta na kaɗawa, abin da ma ya kore ta ɗakin wasa ke nan. Aka hau da akwatinta, aka sauko da na Kim-ki.

Mataki na 8: Ki zauna

Washegari tun ƙarfe ɗaya da rabi Kim-ki tana kan kujerar roba. Suka shigo suka gan ta, suka ja kujeru suka zauna, labari ya riga ya kai musu. Aka cakuɗa, aka jera, aka raba. Ta ƙudurta a ranta yau faɗuwa za ta yi, da murmushi, tana yabon mutane, tunda abin da suke so ke nan.

Ba a yi minti goma ba A-Toh ta jefo ƙwayar da ta cike mata hannu cif. Kim-ki ta kalle ta. Ta ce wa zuciyarta, bar ta ta wuce. Hannunta bai ji ba, ya riga ya cafke.

"Na ci! Ku zube gyaɗa, matsiyata!"

Ta toshe bakinta, amma ya fita. A-Toh ta miƙe tsaye, fuskar nan ta yi ja.

"Ɓarauniya! Mai idon mujiya! Tun ɗazu kike leƙa min hannu, kin ɗauka ban gani ba?" Ta ci gaba, ta haɗa da kakannin Kim-ki, ta haɗa da bikin nan na shekara ashirin, har wani ma'aikaci ya leƙo. Sannan ta faɗa kujera tana haki tana share ido. "Wayyo, na ji daɗi. Kwana uku ban zagi kowa ba. Matar nan ko tsawa ka yi mata sai ta ce ta gode, har ka ji kunyar cin gyaɗarta. Cakuɗa mana, me kike kallo?"

Ga hukuncina, tunda shi kika zo nema. Dala dubu sittin sun saya wa Kim-ki kujerar roba guda ɗaya wadda dama tata ce. Ina wanke mata kai na tambaye ta ko ta yi tsada, ta ce in rage zafin ruwan.

Gargaɗi

Marubuciyar nan ba ta ɗauki alhakin komai ba. Ba ruwana da sugarki, ba ruwana da warin kaguwa a jakarki. In jirgi ya aika wa ɗanki hotunan tunawa ya ga wata baƙuwar tsohuwa mai tabarau tana ɗaga kofi a barandar da ya biya, ke da shi, kada ki ambaci sunana. Kuma ban ce kowace mace za ta sauko ta tarar da abin da Kim-ki ta tarar ba. Kafin ki shiga ƙarƙashin lemar nan, ki tabbata akwai mutum uku a ƙasa da za su yi kewar zaginki. In babu, zauna a barandarki ki sha iska, an riga an biya.