Yadda Za Ka Shigar da Matarka Jirgin Shaƙatawa Ba Tikiti

Na ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, matarka za ta shiga jirgin ruwa mai hawa goma sha ɗaya daga Mumbai zuwa tsibiran Lakshadweep, ba tikiti, ba katin shaida, ba bin layi. Sharaɗi ɗaya ne kawai: ta riga ta mutu. In tana da rai, ajiye takardar nan ka je ka saya mata tikiti kamar mutumin kirki. Ni ban yi hakan ba, shi ya sa na zama gwani.

Sunana Digambar Karandikar. Shekara talatin da huɗu ina kula da laburaren wata kwaleji a unguwar Dadar ta Mumbai, kuma kusan duk abin da aka rubuta a kan teku na karanta shi daga kan kujera. Duk yammacin da muka fita bakin ruwa matata Sumati ta hango farin jirgin nan yana barin tasha, sai ta taɓa ni ta ce, "Baban Kedar, ko sau ɗaya." Ni kuma in ce mata wannan zauren biki ne aka saka wa inji, na mutanen da ba su taɓa gama littafi ba. Ta rasu a watan Fabrairu. Kwana biyu kafin nan, a gadon asibiti, ta ce, "To ko tokata ka kai. Ba ta rawa, ba ta ɗaukar hoto, ba za ta ba ka kunya ba."

Mataki na 1: Yi satarka kafin a je kogi

Bayan an ƙona gawa, kamar yadda addininmu ya tanada, tokar tana hannun ɗanka. Shi zai kai ta Nashik ya zuba a kogi, malamin ibada yana jan addu'a, kai kuma aikinka ka tsaya gefe ka yi kama da wanda ya yi rashi. Kada ka yi gardama. Da safen tafiyar, jira ya shiga wanka, ka buɗe tukunyar ƙasar da tokar ke ciki, ka ɗebi hannu biyu. Kada ka wuce haka. Ɗana Kedar injiniya ne, yana jin nauyin abu a hannunsa.

Ka zuba a ɗan kwanon silba mai murfi daga ɗakin girki, ka naɗe bakinsa da salatif. Masu hikima sun ce mutum ya duba gefen kwano kafin ya zaɓa. Ba su faɗa mini da wuri ba. Mu ba ma barin kwano ba suna: ranar da aka saya ake ba mai shago ya zana sunan matar gida a jiki, don kada ya ɓace a gidan maƙwabta.

Mataki na 2: Bar ɗanka ya zaci shi ya yi tunanin

Ka daina aski na sati uku. In ya kira, ka ce ka ci abinci da muryar wanda bai ci ba. Ka bar takardar tallar jirgin a kan tebur kamar iska ce ta kawo ta. Zai ce, "Baba, kana buƙatar canjin iska."

Hatsarin wannan mataki shi ne ƙauna. Ɗana ya sayi tikiti biyu, ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a kan ruwa ba.

Mataki na 3: A ƙofa, yi ƙarya daidai bakinka

Dokar jirgi ta hana shiga da abincin gida. Mutum dubu biyu suka karanta dokar, kowa ya fahimci da maƙwabcinsa ake. Saboda haka za ka tarar da jami'in bincike, wani Lobo mutumin Goa, tsaye a bayan tsaunin kwanoni: gurasa, soyayyen wake, mangwaro jiƙaƙƙe a mai da barkono, abincin da zai riƙe sojoji wata guda. Jirgin nan ana dafa abinci a cikinsa sau shida a rana, amma wa ya san hannun wanda ya dafa?

Na'ura za ta nuna kwanonka. Lobo zai ɗaga shi ya girgiza a kunne.

"Kawu, mene ne a ciki?"

Ɗanka yana tsaye a kafaɗarka. In ka faɗi gaskiya, jirgi zai nemi takardar izini da ba ka da ita, ɗanka kuma zai ji cewa uwarsa da ya yi wa addu'a ta awa uku ba cikakkiya ba ce. Sai ka ce, "Yaji ne."

"Kowa yaji," in ji Lobo. "Tun safe ban ga wanda ya kawo guba ba, duk yaji ne. In mun dawo Mumbai ka karɓa."

Ya manna wa kwanon lamba, ya jefa shi a kwando. Ka yi nasara, malam: matarka ta shiga jirgi. Tana ɗakin ajiya a hawa na biyu, babu taga, tsakanin mangwaron wani da gurasar wata, kuma haka za a dawo maka da ita in ba ka motsa ba.

Mataki na 4: Koyi ladubban fasinja, don kada a gane ka

Wanda ya yi shiru a jirgin nan shi ake zargi. Don haka ka saje.

A wurin abincin ɗebi-da-kanka, layi shawara ce, ba doka ba. Ka shiga ta tsakiya kana cewa cokali kawai za ka ɗauka, ka fito da faranti uku. Ka cika kowanne har miya ta haɗu da alewa, ka ci rabi, ka ce na gida ya fi. In an kira gwajin rigar ceto, ka zo a makare, ka saka ta baibai, ka ɗauki hoto. In jirgi zai nutse ai za su sake sanarwa. Da asuba ka shimfiɗa tawul a kan kujeru shida na bakin wurin iyo, ka tafi, kada ka dawo. In lif ya buɗe, ka shiga kafin na ciki su fito, su ma su san rayuwa. Teku kuwa ba a kallonsa. Baya ake juya masa, don ya fito a hoto.

Kwana biyu na yi ina wannan. Kedar ya ce, "Baba, ka ga, har ka fara sakewa."

Mataki na 5: Nemi wadda ta fi kowa faɗa ka tsaya bayanta

Littafi ba ya buɗe ɗakin ajiya. Na gwada: na rubuta wa kyaftin wasiƙa mai shafi biyu, aka aiko mini da katin shan ruwan lemo kyauta. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne Tarlaben, wata gwauruwa daga Surat da aka ƙwace wa kwano goma sha ɗaya. Safe da rana tana gaban teburin Lobo da rundunar mata a bayanta.

"Kai ɗan nan, uwarka haka ta rene ka? Miyarku ruwan wanke hannu ce! Dube ni, na rame!"

Ba ta rame ba. Amma a rana ta uku Lobo ya gaji. Ya ce za a fito da kwanonin awa ɗaya tak, lokacin abincin rana, kowa ya ɗebi nasa a gabansa, a mayar. Tarlaben ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaya, kai da kwano ɗaya tal kake bin mu kamar an ƙwace maka gida. Wane irin yaji ne?"

"Na matata," na ce. Ka lura, gwani ba ya ƙarya sau biyu in rabin gaskiya za ta isa.

Mataki na 6: Kada ka manta mutanenmu ba sa cin abu su kaɗai

Nan shirina ya rushe, kuma laifina ne, don shekara saba'in da ɗaya ina shiga jirgin ƙasa a ƙasar nan. A tafiya babu kwanon mutum ɗaya. Da an buɗe murfi ya zama na kowa, hana wani kuwa zagi ne. Na zaci zan ɗauki nawa in sulale. Sai na tarar an jera su a dogon tebur, Tarlaben tana ɗaga kowanne tana karanta sunan jiki kamar mai rabon kyauta, mutane suna miƙa faranti.

"Sumati Karandikar! Ina mai wannan?"

Kedar ya ajiye cokalinsa. Idanunsa suka cika.

"Yajin Mama ne? Baba, ashe ka ɓoye na ƙarshen da ta daka?" Ya jawo farantin shinkafa, ya zuba man shanu, ya miƙa. "Inna, zuba mini kaɗan, don girman Allah. Na zaci ba zan ƙara ɗanɗana shi ba."

Ta yanke salatif da farce, ta ɗaga murfin. Ta duba. Ita ma ta taɓa raka miji kogi, ba ta buƙaci bayani ba. Ta mayar da murfin a hankali, abin da ban taɓa ganin ta yi wa komai ba.

"Wannan ya sha iska, ɗana. Ci nawa."

"Ko ya lalace zan ci."

Hannunsa na kan kwanon. A irin wannan lokaci duk littattafan da ka karanta za su tsaya a kan kantarsu suna kallonka. Na riƙe wuyan hannunsa na ce ƙasa-ƙasa, "Kedar, ba yajin uwarka ba ne. Uwarka ce."

Ya ajiye farantin, ya ja ni muka fita baranda.

"A Nashik fa? Me na zuba?"

"Mafi yawanta."

"Mafi yawanta! Baba, uwata ce, ba kuɗin cefane ba! Na aske kaina, na tsaya cikin ruwa har ƙirji, kai kana gefe da ita a aljihu?"

"Tana gida a kan kantar ɗakin girki. Teku ta roƙa. Shekara talatin tana roƙo, ni na hana."

"Ni me ya hana ka gaya mini?"

"Da ka ce sai mun tambayi malamin ibada."

"Da na ce." Ya juya mini baya, ya daɗe yana kallon ruwa. Shi kaɗai na gani a jirgin nan yana kallonsa.

Can ciki muna jin Tarlaben tana balbale Lobo da faɗa a kan wani murfi da ta ce ya ɓatar mata. Sau uku ya fara ƙirga kwanoni, sau uku ta katse shi, har ya ɗaga hannu ya ce a kwashe. Da ta fito, jakarta ta ƙara nauyi.

"Ungo matarka, Yaya. Kwana uku tana kusa da mangwarona, ka ba ta haƙuri."

Mataki na 7: Kada ka jefa daga sama

An hana jefa komai daga jirgi, akwai kyamara a kowane lungu, kuma daga hawa na goma iska ce za ta yanke hukunci, ba kai ba. Jira safiyar da aka isa tsibiri. Babban jirgi ba ya matsawa gaɓa, ƙananan kwale-kwale masu inji ke kwasar mutane, a nan hannu yana taɓa ruwa.

Ka zauna can baya. Ka bar Tarlaben da rundunarta su miƙe tsaye su ɗauki hoto, matuƙi yana ihu su zauna, su kuma suna ce masa ya matsa ya tare musu haske. Babu wanda zai waiwayo.

Al'ada ta ce ɗa ne ke zubawa. Na miƙa kwanon ga Kedar, wanda tun jiya bai yi mini magana ba. Ya tura mini shi.

"Ni na yi nawa. Wannan kai aka aika."

Na buɗe. Hannuna ya ƙi. Duk wata takwas ɗin nan akwai wadda nake yi wa gardama in na gama karanta jarida, ko da daga cikin kwano take saurare. Kwale-kwale yana ta matsawa gaɓa, har na fara ganin yashi a ƙasa.

"Baba," in ji Kedar, "in muka isa gaɓa, tudu ka kawo ta, ba teku ba."

Ya ɗora hannunsa a kan nawa, bai danna ba. Na nutsa kwanon cikin ruwa gaba ɗaya, na bar teku ya ɗebi abinsa da kansa. Bai ɗauki ƙirgen biyar ba.

Kada a zo gidana

Mai wannan rubutu ba malamin ibada ba ne, ba lauya ba ne, kuma an shaida ba mijin a-zo-a-gani ba ne. In an kama ka, ban san ka ba. In ɗanka ya yi wata biyu yana kiranka ranar Lahadi kawai don ya ji ko ka sha magani, kai da shi. In wata mata daga Surat ta samu lambar wayarka ta fara aiko da gurasa ta hannun direban bas, ka ci, ba ruwana. Sama da duka, ban ɗauki alhakin abin da zai same ka ba a lokacin da ka sunkuya da kwano a hannu, ka ga ruwan nan shuɗi garau har ƙasa, ƙananan kifaye masu launin rawaya suna wucewa ta tsakanin yatsunka, ka juya gefenka don ka ce, "To, kin yi gaskiya," ka tarar da wani ɗan Surat yana cin gyaɗa.