Yadda Ake Tsufar da Gida Kafin Katafila Ta Iso

Da sunan Allah, mai tsufar da kowane abu a lokacinsa. Ya kai wanda aka shafa wa bangonsa jan fenti saboda faɗaɗa titi, ka sani ba a rushe gidan da hukuma ta sanya cikin gidajen tarihi. Ga tafarkin da maƙwabcina Haggai, tsohon soja a nan Zuru, ya bi. Duk wanda ya bi shi, na lamunce masa gidansa zai tsaya.

1. Suturta bulo.
Yaɓe shi da jar ƙasa da kashin shanu. Rufin asiri abin yabo ne, ko da na bango ne.

2. Sauke kwano, ɗora jinka.
Turara ta da hayaƙi har ta yi baƙi. Matar Haggai, Keziah, ta ce, "Baban Gladys, damina fa ta kawo kai!" Ya ce, "Kakanninmu narkewa suka yi?" Kada ka saurari mai maganar damina.

3. Rage tsawon ƙofa.
Jami'in hukumar tarihi da ya shigo a durƙushe ya riga ya girmama gidan tun bai duba shi ba.

4. Samo wa gidan kaka.
Haggai ya ce kakansa ya gina shi bayan kammala golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai. Ya nuna hudar da wayar lantarki ta bi, ya ce ta nan marigayin ke leƙen mahara. Jami'in ya cire hula, ya ɗauki hoto.

5. Karɓi sakamakonka.
Aka kafa allo, titi ya kauce, aka hana sauya ko ƙusa. Ruwan farko ya sauka a kan gado. Haggai ya roƙi izinin mayar da kwano, jami'in ya ce, "Haba Baba! Ai yoyon nan ma tarihi ne." Keziah ta ɗora kwanon a mota, ta koma wurin 'yarsu Gladys a Danko.

Tanbihi: ƙarya haramun ce, ni labari na bayar, ban yi umarni ba. Mura da ciwon baya ba sa wuyana ranar hisabi. Na ce gida zai tsaya, kuma ga shi tsaye. Haggai ma a tsaye yake cikinsa, riƙe da laima.