Laftof Mai Riga

Ina kan keken ɗinki, allura a bakina, ina haɗa hannun wata riga, sai wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Sakatariya ne, wanda take jinya a wurinsa. Bai ja gaisuwa ba, ya ce, "Inna, Mama ta cika da safen nan." Na zare allurar daga bakina, na yi innalillahi, na ce masa Allah ya jiƙanta. Da na ajiye wayar sai na tarar idona yana kan laftof ɗin da ke gefen teburin yanka, a kan ɗan katakonta, ba riga, yadda marigayiyar ta bar mini ita.

Sakatariya 'yar kawuna ce, ni 'yar gwaggonta, abokiyar wasata tun muna yawo ba ɗankwali. Ita ta yi karatu, ta yi aikin buga takardu a ofis har ta yi ritaya, sunan ya bi ta. Ni daga firamare na kama ɗinki, ba ta kuma taɓa kirana da wani suna ba sai Teila. In tsokana ta motsa mata ta ce baiwata, ni ma in ce mata baiwata. Har muka yi furfura ba mu raba gardamar wace ce uwar ɗakin wata ba.

Da ciwo ya kama ta, ɗanta ya ɗauke ta zuwa garin da yake aiki, mai nisa, inda likitocin ciwon suke. Wayata ƙarama ce, ba ta nuna fuska. Tsohuwar laftof da 'yata ta bar mini ita ce kaɗai hanyar da zan ga Sakatariya. Sai bayan la'asar likitoci ke sakinta, a layin shagunanmu kuwa lokacin ne aka fi ɗauke wuta. Da mun fara kiran bidiyo, kafin hira ta yi daɗi, batir ya mutu. Wata rana ta daina dariya, ta rage murya, ta ce, "Teila, sun ce…" sai fuskar laftof ta yi baƙi. Na kira ta a ƙaramar waya, ta ce ba komai, wasa take. Na san ba wasa ba ne.

Da aka ba ta hutun magani ta dawo gida na ɗan lokaci, sai ga ta a ƙofar shagona, ta rame, amma jakarta ta ofis tana rataye a kafaɗa kamar da.

Bayan mun gaisa na ce, "Lafiya lau, ya jikin? Ke da aka ce ki kwanta, me ya fito da ke?"

"Dubiya na zo. An ce akwai wadda ta fi ni jin jiki a shagon nan."

Na kawar da yadi na ba ta kujera. Ba ta zauna ba, ta tsaya tana kallon teburin.

"Teila, wa za a aurar?"

"Me kika gani?"

"Na ga amarya cikin karan-miski, har da aiki a wuya."

Gaskiya ne, na yi wa laftof ɗin riga. Ragowar karan-miski ne ruwan hoda, na sa masa soso a ciki, na rufe bayanta da ƙasanta da gefunanta ruf, na bar ƙananan kafofi na wayoyi, na bi bakin da zare mai ruwan zinariya. Shagon ɗinki ba ya rabuwa da ƙurar zare, ni kuwa ban iya ganin abu mai daraja a tsirara ba. Na gaya mata ko ita ban taɓa yi mata ɗinki mai kyan wannan ba.

"Shi ya sa har yanzu nake numfashi," in ji ta. Ta kama hannuna ta cusa a ƙarƙashin rigar. Zafi na ji kamar na taɓa dutsen guga.

Ta tuɓe rigar, ta kifa laftof ɗin, ta nuna mini wasu ƙananan tsagogi a ƙasa da gefe. Ta ce nan ne hancinta, akwai fanka a ciki da ke fitar da zafi, ƙarar nan da nake ji kullum kukanta ne. Zafi kuwa, in ji ta, shi ne babban abin da ke tsofar da batir. Na ce ai ni gata na yi mata.

"Gatan da kura ke yi wa ɗan akuya. Kin toshe mata hanci da soso, kin ce ta rayu. Rashin sani ya fi dare duhu, baiwata."

"Wanzami ba ya son jarfa. Ke da kika shekara da shekaru kina dukan na'ura da yatsu, yau ke ce mai tausayinta?"

"Na dake ta, amma ban taɓa shaƙe ta ba."

Sai ta bi wayoyin da ke jikinta ɗaya bayan ɗaya. Ta farko cajin wayata ce. Ta biyu wayar Mai Kitso ce, maƙwabciyata. Ta uku wata 'yar fanka ce da nake kunnawa tana hura mini wuya.

"Tsohuwa tukuf, kin sa ta shayar da 'ya'yan unguwa."

"Maƙwabci ai yana da haƙƙi."

"A kanki yake da shi, ba a kan batir ba. Ki ba ta zare, ki ba ta allura, ki ba ta kanki ma in tana so, ba tsada za ki yi ba."

Ta zare su duka. Da ta ɗaga murfin, haske ya doke ta a ido, ta kare fuska da tafin hannu, ta tambaye ni ko jirgin sama nake saukarwa a shagon. Na ce haka 'yata ta bar shi. Ta dubi zare da allurai da ke zube a gaban madannan, ta dube ni.

"Da shi kike zura zare."

"Wa ya gaya miki?"

"In an ɗauke wuta sai ki ƙure hasken, ki kanga allura a gabansa. Laftof guda kin mai da ita aci-balbal."

Na ce idona garau yake, ina hango karkataccen ɗinki daga tsallaken titi. Ta nuna wani ƙaramin rubutu a kusurwar allon ta ce in karanta. Na matso, na ja baya, na ce ai rubutun ne ya tsufa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ba ta ruwa.

Daga nan ta zauna, ta ja laftof ɗin gabanta, yatsun nan nata suka tuna aikinsu. Ta nuna mini maɓalli mai hoton rana, ta yi ta latsawa har hasken ya sauko rabi, ta ce shi ne ya fi kowa shan batir. Ta taɓa hoton batir da ke kusurwa, ta kunna abin da ta kira tsimi, ta ce in dai ba wuta, kada in kashe shi. Ta tarar da shafukan samfurin riguna da na buɗe tun watan jiya, jere kamar layin awo, ta ce kowanne da bakinsa a cikin tulun, ta rufe su tana yi wa kowace riga ba'a. Ta kashe bulutut, tunda ba abin da nake haɗawa da shi. Ta ce in zan tashi, ko guga zan yi, in rufe murfin ta yi barci. Kada in bari batir ya mutu murus kafin in ba shi caji, kada kuma in bar shi a jone dare da rana ya cika har wuya.

"Kamar ke ce," in ji ta. "In an bar ki da yunwa ki yi faɗa, in an cika miki ciki ki kasa tashi."

"Yau na ga ta kaina. Marar lafiya ta zo har shagona tana yi mini wa'azi."

"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

"Ni dai na san dalilinki. Kin ga kullum ina kayar da ke, kina so a ƙara lokaci ko za ki farfaɗo."

"Ke ce dai da kin ga na ɗauko babbar magana sai ki sa batir ya mutu. Kin haɗa baki da shi."

Ta nemi abu mai tauri da za a ɗora ta a kai, na ba ta katakon da ake naɗe yadi a jikinsa. Da ta gama, na ga gumi a goshinta. Ta jingina da bango, ta rufe ido. Na ce da ta bari yara sun zo sun yi wannan aikin.

"Yara za su gyara laftof, ba za su gyara ki ba," in ji ta. Sai ta buɗe ido. "Teila, in na koma, ina so in na fara magana ki ji ƙarshenta."

Na kama ninke yadin da na riga na ninke.

Ita ce ta fitar da mu daga maganar. Ta buɗe jaka ta ɗauko tabarau mai siririyar sarƙa, wanda ta yi aikin ofis da shi, ta rataya mini a wuya. Ta ce uwar ɗaki ta gari ba ta barin baiwarta da makanta. Na sa, na ɗauki allura, zare ya wuce tun a karon farko. Na ce mata gilashin ya yi mini yawa, amma zan riƙe shi don kada ta ji kunya. Ta ninke rigar karan-miskin ta tura a jaka, ta ce wannan ganima ce, kada in kuskura in ɗinka wata.

Ta koma. Ni kuma na bi abin da ta ce kamar karatun allo. Da safe, lokacin da akwai wuta, in ba ta caji, in ta kusa cika in zare, in rufe murfi. Mai Kitso ta yi fushi na kwana biyu, ta huce. 'Yar fankar ta koma cikin durowa, na koma fifita da kwali. In la'asar ta yi sai in buɗe, ko da wuta ko babu.

Batirin da a da ba ya kai mu ƙarshen gaisuwa, ya koma kai mu har kiran magariba. A cikin hirarrakin nan ta gaya mini abin da likita ya ce, daga farko har ƙarshe, na ji da kunnena, ba wanda ya yanke mu. Ta gaya mini abin da take so a yi da kayanta, da wanda take so in nema mata gafararsa. Muka tuna iyayenmu, muka yi gulmar surukai, ta zage ni son ranta, na rama. In na tuna cewa da ƙafarta ta tako, da ciwon a jikinta, don ta saya mana wannan lokacin, sai in rasa bakin godiya, ga Allah da kuma gare ta.

Shekaranjiya ne muka yi kiran ƙarshe. Ba wuta a layinmu. Tana kwance, an ɗaga mata kai da filo, hannuwanta biyu a cikin rigar karan-miskin. Ta ce ruwan da ake ƙara mata yana sa mata sanyin yatsu, duk asibitin ba abin da ke ɗumama su sai ɗinkin jahilcina. Muryarta ta yi ƙasa, sai na matso da kunne. Muka daɗe muna kallon juna.

Can ta ce, "Saura nawa?"

Na gyara tabarau na duba kusurwa. "Ya fi rabi."

"To yau ba ki da wurin gudu."

"Ni dama ban taɓa gudu ba."

"Ni ce zan gudu yau, Teila. Na gaji."

"Kin yarda na ci ke nan?"

"Na yarda. Laifin daɗi ƙarewa. Amma wa ya gyara miki batirin?"

"Ke ce."

"Ni wa?"

Na dube ta. Gardamar da muka ɗauko tun ƙuruciya ce, ban ga amfanin ajiyarta kuma ba.

"Uwar ɗakina."

Ta yi dariya, ƙarama, irin wadda ba ta da sauti sai kafaɗa.

"Sai da kika tsufa kika yi hankali. Allah ya yi miki albarka, baiwata. Rufe murfin, kada ki ɓata caji."

Na ce, "To, ranki ya daɗe."