Sakatar Bindigar Janar Sixten

Ina faskaren itace a bayan gida Gunvor, matar abokina Sixten, ta kira ni a waya. Ta ce, "Helmer, abokinka ya tafi." Na zauna a kan kututture, gatari a hannuna, na yi kuka irin na yara. Can kuma sai dariya ta kama ni, don na tuna cewa yau ce rana ta farko da Sixten Norling ya bar wani wuri ba tare da ya yi jawabi ba.

Kaf ƙasar Suwidin ba a yi maharbi kamarsa ba. Shi da kansa ya gaya mini, kuma ba sau ɗaya ba. Janar muke ce masa, saboda ya yi aikin soja yana saurayi, inda ya yi wa dankalin barikinsu kaca-kaca da wuƙar fira. Shi ne shugaban mafarautan ƙauyenmu na Tallmo. Duk kaka, in lokacin farautar manyan barewa ya zo, shi ke zama a kan tudu da rediyo yana raba wa kowa wurin tsayuwa. Hularsa tana da gashin tsuntsu, rigarsa tana da aljihu fiye da haƙoran bakinsa. Abu ɗaya ne kawai bai taɓa mallaka ba: barewar da shi ya harba.

Fankan fankan ba shi ne kilishi ba, kuma samari sun fara gunaguni. Da zaɓen shugaba ya matso, Janar ya miƙe a ɗakin taro ya buga tebur.

"Barewar Tallmo ta yi mini ƙanƙanta! Arewa zan tafi, a jirgin sama, in kawo muku ƙahon da sai an cire ƙofar nan kafin ya shiga. Helmer zai raka ni ya zama shaida."

Ban ce zan je ba. Tun muna makarantar firamare ba ya tambayata.

Shirin harsasai kuwa ya zama biki. Ya karɓe sikelin da Gunvor ke auna fulawa, ya tara maƙwabta a kicin.

"Ku buɗe kunne, jahilai. Kilo biyar jirgi ya yarda wa mutum ɗaya. Kowane harsashi a cikin kwalinsa na kamfani, ba a zube kamar gyaɗa ba. Harsasai a akwati guda, bindiga a akwati guda, kowanne da kwaɗonsa. Sannan a zare sakata." Ya ɗaga ƙarfen nan da ke tura harsashi cikin bindiga ya kulle shi. "Bindigar da babu sakata, sanda ce. Ni kaɗai na san wannan a yankin nan."

Gunvor ta ce, "Kowa ya sani, Sixten. Ba ni sikelina."

A filin jirgi aka yi masa babban wulaƙanci: ba a wahalar da shi ba. Matar da ke karɓar kaya ta duba takardunsa, ta ɗora akwatunan a sikeli, ta yi murmushi.

"Komai daidai, Baba. A sauka lafiya."

Janar ya ƙame. "Shi ke nan? Ba za ki buɗe ba?"

"Ba sai na buɗe ba."

"'Yata, kin san abin da ke gabanki kuwa? Irin wannan shiri ba kya ganin sa sau biyu a rayuwa. Kira abokan aikinki su koya."

Na ja rigarsa. Na ce, "Mutumina, layi ya kai ƙofa." Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ya buɗe akwatuna, ya jera kwalaye, ya ciro sakatar yana nuni da ita kamar malami da alli. Wani a baya ya ce, "Dattijo, jirgin ne za ka harba ko mu?" Janar ya juya ya yi masa nasa darasin. Da ya gama, ya mai da kwalaye, ya datse kwaɗo, akwatuna suka bi bel ɗin kaya suka wuce. Ya zura hannu a aljihu, ya yi tafiyar masu nasara.

A ƙofar bincike na'ura ta yi ƙara. Aka lalube aljihunan nan masu yawa, sai ga sakata. Ba a shiga jirgi da ita, kaya kuma sun riga sun tafi. Aka karɓe, aka ce a zo daga baya a ɗauka. Baki shi ke yanka wuya.

Sai da jirginmu ya kusa sauka ya kama hannuna.

"Helmer, in Tallmo ta ji, na mutu."

Na ce, "Ga tawa bindigar, ka ara."

"Janar ba ya aron takobi."

Haka ya yi mako guda a dajin arewa, rungume da sanda, ya lulluɓe tsakiyarta da safar hannu, ga kilo biyar na harsasai a gefensa kamar jariri. Kuma ka san halin duniya. Wata safiya wani ƙaton namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa, ƙahonsa kamar cebur biyu, ya tsaya gaban Sixten yana tauna ganye. Suka kalli juna. Ina nesa kaɗan, ina ganin fuskar abokina. Wallahi ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin na lokacin ba. Ban ɗaga tawa bindigar ba.

Da muka dawo, ɗakin taro ya cika. Janar ya tsaya.

"Na sa shi a bakin bindiga. Yatsana na kan kunama. Sai na ce, sarki ba ya kashe sarki. Ƙananan maharba su ke harbi. Manya yafewa suke yi."

Aka tafa. Aka sake zaɓen sa, babu hannu ɗaya a ƙasa. Haka aka yi ta zaɓen sa har ciwo ya kwantar da shi.

Makon jiya na je asibiti. Ya rame, hular nan tana rataye a jikin gado. Ya yafito ni da yatsa.

"Helmer, ka riƙe mini sirrin nan?"

"Ban taɓa faɗa ba."

"Ɗan halak."

Da na yi shiru, da ya fi. Amma ban taɓa iya yi masa ƙarya yana kallona ba. Na ce, "Sai dai kowa ya sani, Sixten. Tun muna cikin jirgi aka kira gidanka daga filin jirgi. Gunvor ce ta je ta karɓo sakatar, kuma ta bi da ita ta wurin shan kofi na coci."

Ya ɗaga ido ya kalli silin.

"To don me suka ci gaba da zaɓena?"

"Shugaba rediyo yake riƙewa, ba bindiga ba, mutumina. Hankalin kowa ya fi kwanciya."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya gyara kwanciya, ya ɗaga haɓa.

"Dama na sani," in ji shi. "Murya irin tawa ba a ɓata ta a harbi."

Na ce, "Haka ne, Janar."