Rasuwar Muciyar Tarago Na Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, Esteli Namfukwe, wadda matafiyan jirgin ƙasa suka fi sani da Maman Lukundo mai kifi, tana sanar da 'yan uwa da abokan fatauci, da duk wanda ya taɓa kwana a tarago na huɗu tsakanin birnin Dar da garin Kapiri, rasuwar muciyarta. Marigayiyar ta cika ne da safiyar Lahadi, saura kamar minti ashirin jirgi ya shiga tashar Lufita, tana tsaye a bakin aikinta. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba gara ba ce, ba kuma irin ajalin da ake cewa a yi haƙuri da shi ba ne. Kashe ta aka yi. Wadda ta yi kisan tana da suna, kuma za a zo kansa a ƙasa.

An haifi marigayiyar a Lufita, a hannun mahaifin Maman Lukundo, Allah ya jiƙansa, wanda ya sassaƙa ta daga itacen mukwa ya miƙa wa matarsa, tsohuwa Nakamba. Shekara shida ta yi tana tuƙa tuwon masara a gidan, ba a taɓa tsintar gudaji a bayanta ba. Ta shiga aikin jirgi ne ba shiri, shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin da Maman Lukundo ta fara fataucin busasshen kifi da shinkafa. Jirgi minti biyu yake tsayawa a Lufita, ba ya ƙara ko daƙiƙa don uwar wani. Ran nan tsohuwa ta taho bakin tarago a guje daga madafa, muciya a hannu, tuwo bai ma bushe a jikinta ba. Tana cikin magana sai tagar ta faɗo tsakaninta da 'yarta, kamar yadda tagogin nan suka saba, gilashi mai nauyin buhun gishiri da sakatarsa ta daɗe da barin aiki. Da aka ɗaga shi da ƙyar, tsohuwa ta miƙo muciyar ta ce, "Tokare ta da wannan, Esteli. Ban gama faɗan ba." Daga ranar marigayiyar ba ta sake ganin cikin tukunya ba.

Ta kasance mai haƙuri, mai riƙon amana, marar ƙorafi. Ta ɗauki nauyin taga a kanta kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, wani lokacin huɗu idan jirgi ya ga damar hutawa a daji. Ranar da inji ya mutu a cikin kwari da tsakar rana, mata huɗu a ɗaki ɗaya da warin kifi da jariri mai zawo, ita ce ta tsaya tsakaninsu da suma. Ta zaro takalma daga ƙarƙashin gadon ƙasa. Ta zunguri masu gadon sama idan an iso iyakar ƙasa jami'ai suna buga ƙofa. Kyankyasan da ta aika lahira Allah kaɗai ya san yawansu. Sau ɗaya a rayuwarta ta ɗaga hannu a kan ɗan Adam, wani ɓarawo ne da ya zuro hannu ta taga yana laluben jaka, an ce har yau da hagu yake cin abinci.

Amma duk waɗannan aikin gefe ne. Ainihin aikinta muryarta ce, kuma kalma ɗaya ta iya: ƙwam, ƙwam, ƙwam, sau uku, a jikin ƙarfen tarago ta waje, ƙasan taga kaɗan. Shekara huɗu ke nan da idanun tsohuwa Nakamba suka mutu. Duk da haka ba ta taɓa fashin zuwa tasha ba. Gidanta yana bayan layin dogo, ta san adadin takunta zuwa dandamali. Idan jirgi ya tsaya, sai ta ɗora tafin hannu a jikin taragai ta riƙa bi, kwandon gyaɗa da dafaffen rogo a kanta, masu ayaba da ƙwai suna ihu ta kowane ɓangare, har sai ta ji ƙwam ɗin nan da ta bambanta da duk wani bugu a duniya. Sai ta tsaya ta ɗaga hannu. Maman Lukundo ta leƙo har kunkuminta, tsohuwa ta shafa fuskarta daga goshi zuwa haɓa ta ce, "Kin rame," ko da kuwa ƙiba ta yi. Maganin hawan jini da sukari da sabulu su sauka, kwando ya hau, a busa usur. Minti biyu ke nan duk bayan mako biyu, kuma su ne dukan abin da uwa da 'ya suke da shi. Duk macen da ta taɓa bin hanyar nan ta san cewa a Lufita taga ta Maman Lukundo ce. Ko Baba Sichone, mai kula da tarago, wanda ba ya yi wa kowa alfarma, yakan ɗauke tsintsiyarsa ya ba da wuri.

Ciwon da ya yi ajalin marigayiyar ya shigo ne tun daga Dar, da akwati mai taya da turare mai sa ciwon kai. Sunansa Madam Febby Mulilo, mai shagon tangaran a Ndola. Kafin jirgi ya bar gari ta faɗa wa ɗakin sau uku cewa ita ba ta saba hawa jirgin ƙasa ba, kujerar jirgin sama ce ta kuɓuce mata. Ta sa aka jibge kwalayen tangaranta goma sha huɗu a bakin ƙofar tarago har rufi, wai a taragon kaya fasa mata za a yi. Da magariba, da mata suka baje abincinsu a kan ɗan teburin taga kamar yadda ake yi, aka ce mata bismillah, sai ta juya wa bango fuska ta ci nata a cikin leda. Sannan ta dubi marigayiyar a inda take tsaye tana aikinta, ta yamutsa hanci ta ce, "Wannan ƙazamin icen fa na wane ne? Iska tana ɓata min kai." Kan da ake magana a kai kuwa gashin kanti ne, sayensa ta yi a Dar, da takardar farashinsa a jaka.

A nan iyalan marigayiyar suna so jama'a su riƙe magana ɗaya, domin an fara yawo da wata daban. Ba a ɓoye wa Madam Febby komai ba. Maman Lukundo ta faɗa mata labarin tsohuwa da idanunta da ƙwam ukun nan. Maman Tamara mai gwanjo, wadda take gadon sama, ta sake faɗa mata daga farko. Ta saurara tana duba farcenta, ta ce, "Ayya." Saboda haka duk mai cewa ba ta sani ba, ya ajiye maganarsa a gidansu.

Da asubahin Lahadi, bayan an wuce iyaka, Maman Lukundo ta tokare taga da wuri don kada a makara, ta ɗauki sabulu ta tafi ƙarshen tarago wanke fuska, saboda tsohuwa takan gane fuskar da ba a wanke ba ta kuma yi magana a kai. Tana cikin layin ruwa ta ji ƙarar. Ƙarass! Wannan ce kalmar marigayiyar ta ƙarshe, ba ta taɓa furta irinta ba. Madam Febby ce ta cire takalminta mai tsini ta ture ƙafar muciyar gefe. Ba ta ma iya zare ta kamar mutum ba. Gilashi ya faɗo a kanta tana karkace, ya raba ta biyu, wutsiyar ta faɗi kan gado, kan ya cushe a cikin ramin tagar ya ƙame ta ƙam. Mata uku suka taru suna ɗagawa har jijiyoyin wuyansu suka tashi, taga ba ta motsa ba. Baba Sichone ya zo da cokali, cokalin ya lanƙwashe. Suna cikin haka jirgi ya rage gudu.

Maman Lukundo ta fita lungun tarago a guje. Tagogin lungu daji suke kallo, dandamali yana ɗaya gefen. Ɗakunan maƙwabta a kulle ta ciki, maza suna ta minshari. Ƙofa kuwa ga kwalaye goma sha huɗu. Ta dawo ɗaki ta manna fuska a gilashi, sai ga tsohuwa tana tafe, tafin hannu a jikin tarago na uku, kwando a ka, ta karkata kunne. Maman Lukundo ta ɗauki wutsiyar marigayiyar ta buga a gilashi. Ƙas, ƙas, ƙas. Wannan ba muryar ba ce. Ta buga da tafin hannu, ta kira "Inna!" har muryarta ta dushe. Tsohuwa ta iso daidai ƙasan tagar, ta ɗan tsaya, ta saurara, masu ayaba suna ihu a kanta. Sai ta girgiza kai ta wuce zuwa tarago na biyar. Tana laluben na shida aka busa usur. Abin da Maman Lukundo ta gani na ƙarshe shi ne uwarta tana janye hannu daga ƙarfen da ya fara tafiya, maganin hawan jini kuwa yana nan a kan tebur.

A cikin wannan hali ne Madam Febby ta ga ya dace ta yi ta'aziyya. Ta gyara gashinta ta ce, "Haba, Mama, muciya ce fa. In mun isa Kapiri zan saya miki biyar, har da ta roba." Iyalan suna miƙa godiya ta musamman ga Maman Tamara, wadda ta yi wuf ta riƙe Maman Lukundo ta baya, domin ba don ita ba da sanarwar nan ta mutum biyu ce.

Ranar Talata aka samu shugaban tashar Lufita a waya. Ya ce tsohuwa ta zauna a dandamali ranar Lahadi har rana ta take. Ranar Litinin ta dawo ta bi jirgin kaya tarago-tarago da tafin hannu, sannan ta zo ofishinsa ta ce ya faɗa mata gaskiya idan 'yarta ta mutu. Aka miƙa mata wayar. Maman Lukundo ta kwashe labari duka ta faɗa, tana kuka, da takalmi mai tsini, da taga, da kwalayen da suka tare ƙofa. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "To, ran nan kwalaye ne. Shekara bakwai rabonki da taka ƙasar Lufita, Esteli, tun jana'izar ubanki. Duk kwalayen matar nan ne suka tare ƙofar?"

Maman Lukundo ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba. Kullum akwai kifin da zai lalace, kullum sai tafiya ta gaba, ga muciya kuma tana rufa mata asiri minti biyu minti biyu. An rubuta wannan a nan don gaskiya ce, ba don a sassauta wa Madam Febby ba. Kada ta kuskura ta ɗauka alheri ta yi. Nata laifin yana nan cif, ba a cire ko ƙwaya ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar tsohuwa Nakamba, da Maman Lukundo, da tsohuwar tukunyarta da take zaman jira a Lufita shekara goma sha tara, da abokan aikinta, igiyar ɗaure ƙofa da butar shayi mai lotsattsen gindi. Ta kuma bar tagar tarago na huɗu, wadda sai da makaniki ya sa guduma a Kapiri kafin ta saki kan gawar.

Ba a karɓar furanni. Ba a karɓar muciyar roba. Ba a gayyaci Madam Febby Mulilo ba, kuma matan hanya sun riga sun zauna a kanta: duk ranar da ta sake hawa jirgin nan, ba mai ba ta ruwan zafi, ba mai tashinta a iyaka, ba mai riƙe mata tsani. Muna roƙon Allah ya haɗa ta da gadon sama a watan zafi, a ɗakin da tagarsa ta ƙi buɗuwa, inji ya mutu a kwari, ga ta da sabon kai.

Gawar za ta tashi daga Kapiri a jirgin Juma'a, gida biyu, a naɗe cikin sabon zani, tare da maganin da ba a miƙa ba. Za a isa Lufita ranar Asabar, a lokacin da jirgi ya ga dama. Za a binne ta a bayan madafar da ta fara aiki, tsohuwa Nakamba ce za ta nuna wurin da ƙafa. Maman Tamara ta karɓi ragowar kifi, masu ciniki su neme ta. Ana roƙon Baba Sichone, don girman Allah, ya tabbata babu ko kwali ɗaya a bakin ƙofa a wannan safiya, domin a karon nan ba za a buga komai a jikin tarago ba. Maman Lukundo za ta sauka da ƙafarta, ta tsaya a gaban uwarta har a gama faɗan, jirgi kuma ya tafi abinsa.